Ranar da Na Yi Ta Dariya a Ƙofar Likita

Ko zan manta komai, ba zan manta wannan rana ba. Lokacin sanyi ne, tattasai ya yi kyau a bakin kogin Komadugu, kowane fili ja wur, mutanen Diffa sai fara'a. Gidanmu ne kawai ba daɗi, saboda ɗiyar ƙanwata da na riƙa tun uwarta ta rasu wajen haihuwa.

Yarinya ce ƴar firit, mai yawan murmushi. Ka aike ta gishiri da ashana da sabulu, sai ta dawo da ɗan akuyar maƙwabta a rungume. Surukata ta ce iska ce, muka sha hayaƙin turare har idanunmu suka yi ja. Mushen lakol, wato malamin makarantarsu, ya ce taurin kai ne. Maigida ya yanke magana: da an gama tsinkar tattasai zai cire ta daga lakol, ya kai ta wajen yayarsa a garin Tumur.

Kafin nan na roƙi izini na kai ta wajen wata lokotoro, likitar yara. Ta auna kanta, ta duba leɓenta da idanunta, ta yi wasa da ita, sannan ta ce, "Inna, me uwarta take sha da cikinta?"

Na tuna kwalaben maganin ƙarfin jiki da ake kawowa daga ƙetaren kogi. Kullum ƙanwata sai ta kurɓa saboda laulayi. Lokotoro ta jawo irin kwalbar daga aljihun teburinta, ta buɗe, ta miƙo mini. Warin ya doki hancina.

"Akwai giya a ciki," in ji ta.

"Giya? Ƙanwata da ko nafila ba ta wuce ta?"

"Ba ta sani ba, Inna. Amma abin yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ba allurar da za ta cire shi. Ki riƙa ba ta aiki ɗaya-ɗaya, ki nuna mata da hannu, in ta yi ki yaba."

Na yi wa ƙanwata addu'a da hawaye. Amma ina fitowa ƙofa sai dariya ta ƙwace mini. Ashe ba iska, ba taurin kai! Wata mai ƙosai a bakin ƙofar ta ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, zuba mana na murna!" Ni da ko a biki ba a jin muryata.

Da muka koma, maigida yana zaune gaban tulin busasshen tattasai. Na ba shi labari, ya ce, "Maganar likita ce dai." Ban yi musu ba. Na ɗauki guda mai baƙin tabo, na nuna wa yarinya, na ce, "Irin wannan kawai, cikin ƙwarya." Ta zauna tana tsinta, harshe waje, ba ta ɗaga kai ba sai da ƙwarya ta cika. Ya juya ƙwaryar yana neman kuskure, bai samu ba.

"To, wa zai tsinta mini in ta tafi Tumur?" in ji shi. Surukata ma sai da ta yi guɗa.

Har yau tana mantuwa, wata rana mu sha wahala. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce yaro ya ƙi, bincika ko kasawa ya yi. Washegarin wannan rana na yafa gyalena, na kama hannunta muka nufi lakol, na roƙi mushe ya zaunar da ita a gaba, ya riƙa faɗa mata abu ɗaya-ɗaya.