Ceton Fada da Ceton Rijiya

Ina goye ubana da ƙanensa suka gudo daga kudu. Magana ce ta koro su. A karatunsu sun tsaya kan Almasihu ɗan Maryama sun ƙi gaba, malaman birni suka kai ƙara, aka kama na kamawa, saura suka watse. Namu suka yi ta yin arewa, suka wuce Maraɗi, ba su tsaya ba sai nan Dakoro, inda gonakin hatsi ke ƙarewa. Rijiya ce da 'yan bukkoki, Bugaje na shayar da raƙuma, Fulani na jiran su gama.

Mutanen wurin ba su kore mu ba. Suna ba mu wuta, suna sayen igiyar da Baffa ke tufkawa, amma ba su bin Baba salla, ba su kiran mu suna ko jana'iza. Tun ina ƙarama na san in namu ya mutu mu kaɗai za mu yi abinmu. Maza kuwa biyu ne gare mu, Baba da Baffa. Duk wanda ya riga, ɗayan ne zai yi mishi salla.

Baba bai samu ɗa namiji ba, sai ya juye mani karatun. Na sauke, na shiga littattafai, na iya alƙalami. Saboda haka na san kan gardamarsu sarai, kuma na gaji da ita tun kafin ta yi muni.

Kalma ɗaya ce, ceto. Dukkansu sun yarda Almasihu mai ceto ne. Baffa ya ce ceton fada ne: mai laifi na durƙushe, wani bawan sarki mai fada a ji ya matso ya roƙa, sarki ya yafe. Mai yafewa sarki ne, Allah ke nan shi kaɗai. Baba ya ce ceton rijiya ne: mutum na ƙasa yana nutsewa, wani ya ɗaura igiya ya sauka ya ɗauko shi. Kuma babu mai iya sauka inda ɗan Adam ya faɗa sai wanda ya yi shi.

Da farko a bakin akushi suke yi, har da dariya.

"Yaya, ka taɓa ganin sarki ya durƙusa gaban kanshi shina roƙon kanshi?"

"Kai kuma ka taɓa ganin an fid da mutum daga rijiya da ban baki?"

"To Allah ne zai ɗaura igiya a ƙugu?"

"Ba Kalmar Allah aka ce da shi ba? Maganar da ke fita bakinka, kai ne ko baranka ne?"

"In ta yi kama da taka, ba ni ba ne, zazzaɓi ne."

Inna takan leƙo ta ce, "Malamai, ku ci tuwon nan. In ya huce ba mai ceton shi, na fada ko na rijiya."

Dariyar ta ƙare ranar da wani alhaji ya sauka wurinmu a hanyarsa ta komawa gida daga gabas. Ya ji su, ya ce ai abin da Baba ke faɗa shi Nasaran Masar ke faɗa. Mu ba mu taɓa ganin Banasare ba, sai labari. Baffa ya ajiye lomarsa ya ce, "Ka ji inda ka kai." Baba ya ce, "In makaho ya ce rana ta fito, sai in ce dare ne?" Washegari Baffa ya ja danga tsakanin gidanmu da nasa. Ya ce a gaban kowa, wanda ya haɗa Allah da wani, shi ba ya tsayawa bisa gawarsa.

Haka aka zauna, kowa na salla a gefensa, suna jin kabbarar juna ta cikin karan danga. Da bazara tari ya kama Baba, ya fara fid da jini. Na san ba tashi zai yi ba. Na tafi wurin Baffa, na iske shi yana tufka a gindin aduwa.

"Baffa, ɗan'uwanka na mutuwa."

"Na ji tarin, ɗiyata. Ba ni barci."

"To mi kake jira?"

"Jira nake ya ce Allah kaɗai ke ceto. Shi ke nan. In ya faɗa, ni zan tsaya mishi."

Na koma na gaya wa Baba. Ya yi murmushi ya ce, "Ce mishi na faɗa. Allah kaɗai ke ceto, shi ya sa na ce Almasihu shi ne." Na kai wa Baffa rabin farko. Ya ce, "Sauran fa?" Ya san yayansa. Na ce su biyun jakuna ne masu rawani, na tashi. Bai ko tsawata mani ba.

Da hantsi Baba ya cika. Hannunsa na cikin nawa, yana ta maimaita, "Ka cece ni, ka cece ni," har muryar ta ɗauke. Inna ta yi kuka, Baffa ya keto danga ya shigo, ya durƙusa, ya rufe mishi ido.

"Mi ya ce?"

Inna ta mintsine ni. Na ce, "Allah ya kira."

Ya daɗe yana dubana. "Ke ba ki iya ƙarya ba. Gaya mani."

"Ya ce ka cece ni."

"Wa?"

"Bai kama suna ba."

"Ya ɗaga yatsa?"

"Ina riƙe da hannun."

"Ɗayan fa?"

"Baffa, kallon fuskarshi nake, ba yatsunshi ba! Ka ɗauka da Allah yake, mi zai ci ka?"

Ya ce, "Na ɗauka. Ban sani ba ne."

Shi ya yi mishi wanka, ya warware rawaninsa ya haɗa da ƙyallen da muke da shi, ya yi likkafani. Shi ya haƙa ramin. Wani Buzu da ya zo shayarwa ya kama mishi ɗauka, don gawa ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya, ya ajiye ya koma ga raƙumansa. Mata ba su zuwa, amma na bi daga baya na tsaya inda nake hange.

Baffa ya tsaya a kan gawar, ya fuskanci gabas. Ya ɗaga hannuwa har kunne. Ina jiran kabbara. Hannuwan suka daɗe a sama, har na ji kamar in ruga in yi da kaina. Sai ya sauke su. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Daga nan ya sunkuya ya sa shi a rami, ya jera itace, ya tura ƙasa.

Da ya dawo Inna ta tare shi a bakin zaure.

"An yi?"

Ya ce, "Na rufe shi."

Ta gane. Ta shiga takabarta. Ni na koma ɗakin Baba na kwashe tabarmar da ya mutu a kai, na kai ta bayan gida na wanke jinin.