Pak Wardoyo, Mutumin da Ya Hana Matarsa Kofi

Kowace Lahadi da ƙarfe bakwai na safe, Pak Wardoyo ne ke fara hawa benen ƙungiyarmu da ke saman shagon tayoyi a birnin Semarang. A nan Pak laƙabin girmamawa ne ga namiji, kamar a ce Malam, Bu kuma ga mace. Da tsumma a kafaɗa zai bi titin katakon nan mai layi huɗu ya goge shi tas, ya hure ƙurar tsagin da ƙananan motocinmu na lantarki ke bi. Sannan ya je ya tsaya a Kwanar Kuka, inda mota ke tashi sama in direba ya cika matsa kunama, wato na'urar hannu da ake ba motar wuta da ita, ya jira mu zo mu zage shi.

Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki. Mu muna can a jere, manya da mu, ga furfura ga tumbi, kowa riƙe da kunamarsa, muna tseren motar da ba ta fi tafin hannu ba. In ta fita daga layi, shi zai cafe ta ya mayar. Ladansa a wurinmu ihu ne.

"Pak, tawa! Jar nan! Ido ne ba ka da shi?"

"Kai kunkuru, shayi ka zo sha a kwanar?"

Wannan na biyun Koh Gunawan ne, mai shagon fenti, wanda ya fi kowa baki. Na farkon kuwa, da kunya nake faɗa, ni ne. Pak Wardoyo, kai ne damo sarkin haƙuri. Mu muke zubar da motocinmu saboda gaggawa, kai kake shan wankin babban bargo, kuma ban taɓa jin ka rama ba.

Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita. In motoci biyu suka yi karo, wadda aka buge ake fara mayarwa, mai laifi ta jira. Shugaban ƙungiya ma ya sha jira.

Matarsa, Bu Lastri, miyar kaza take sayarwa a bakin titi. Wata rana ta hawo kawo masa abinci, wani ya miƙa mata kunama don raha, daga nan ba ta sake ajiyewa ba. Ta kayar da mu duka, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya gagare ta shi ne kofin tseren sadaka da muke yi duk shekara, wanda kowane ɗan tsere ke kawo buhun shinkafa don iyalan masunta da ruwan teku ke shigar wa gidaje. Kofin nan ko mai gwangwan ba zai taya ba, amma sau biyar tana zuwa ta biyu. Bara kuma ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu, ta faɗa wa kowa cewa na bana ne na ƙarshe.

Ranar tseren benen ya cika maƙil, har da masuntan da suka zo kallon yadda tsofaffi ke haukacewa. Saura minti ɗaya, Koh Gunawan na gaba da ɗan taƙi, koriyar motar Bu Lastri na manne da shi. A Kwanar Kuka muka ji ƙwas! Motoci biyu suka tashi, suka faɗa hannun Pak Wardoyo, ɗaya dama ɗaya hagu.

Babu wanda ya ga wa ya bugi wa. Koh Gunawan kansa ya ɗauka shi ne ya zame, har ya dafe kai. Benen gaba ɗaya ya ɗauki ihu: "Koriya! Koriya, Pak!" Da ya mayar da ta matarsa, wallahi tafi za mu yi masa.

Ya mayar da ta Koh Gunawan tukuna.

Da rabin zagaye aka cinye ta. Bu Lastri ta ajiye kunama a hankali, ta dubi mijinta tun daga can.

"Pak."

"Bu, ke kika buge shi."

"Na tambaye ka?"

Koh Gunawan ya rungumo kofin ya nufe ta, yana ta in-ina. Ta ce, "Koh, riƙe kayanka. Sadaka na zo bayarwa, ba karɓa ba." Ta je ta kama lodin shinkafa da yatsun nan nata masu ciwo, kowa ya bi bayanta sumui-sumui.

Kwana goma sha biyu tukunyarta ba ta san da zamansa ba. Ni da idona na gan shi a rumfar mai taliya yana ci a tsaye, kamar gwauro. Na ce, "Pak, ai ba wanda ya gani." Ya ce, "Na gani, ɗan'uwa. Ita ma ta san na gani." Ya ci gaba da cin taliyarsa. Na ji kunya ta rufe ni, don na san da ni ne a kwanar, koriya zan ɗauka.

Lahadin da ta wuce ya yi mana sallama. Bayansa ya gaji da sunkuyo. Muka yi ɗan taro, Koh Gunawan ya tashi zai yi jawabi, kuka ya ƙwace masa, ya zauna, abin da ba mu taɓa gani ba.

Pak Wardoyo, mun gode, kuma ka yafe mana bakunanmu. Kai ne ka sa kowa ya yarda da sakamakon da ya fito daga benen nan, wanda ya ci da wanda aka cinye. Ku kuma 'yan ƙungiya, kwanar tana nan ba kowa. Kowa na son riƙe kunama, to wani ya ajiye tasa ya je ya tsaya, ya koyi mayar da motar wanda ba ya so kafin ta wanda yake so.

A taron sallamar nan, da aka roƙi Bu Lastri ta ce wani abu, da ƙyar ta miƙe. Ta dubi mijinta ya yi tsuru a kujera, ta gyara masa wuyan riga.

"Mijina mutumin kirki ne," ta ce. "Shi ya sa ba ni da kofi."