Kukar da Iya Hansai ke gane gida da ita

Ranar wata Laraba ce da hantsi, bayan an kai gero gida, shekarar da nake aji huɗu. A bakin garinmu akwai mai gari, da shugaban makarantarmu, da direban katafila, da mu 'yan makaranta da aka jera a rana. Kakata Iya Hansai tana tsaye a gefe da sandarta. An zo ka da kuka.

Garinmu ƙarami ne, a tsakanin Dutse da Jahun, sunansa Kukar Dela. Abubuwan da muke nuna wa baƙo ba su da yawa: tsohuwar rijiya mai bakin itace, da marinar da aka daina rini a cikinta, da kukar da gari ya ci sunanta. An ce wata Dela ce ta fara sayar da fura a gindinta. A nan muke gaɗa da carafke, a nan maza ke taka turakun da aka kakkafa a jikinta su kakkaɓo mana 'ya'ya, mu fasa mu dama da nono. Ganyenta kuwa shi ne miyar kowane gida.

Muna da wani abin alfahari kuma. Wani ɗan garin ya yi karatu ya zama babba a gwamnati, ya liƙa sunan garin a ƙarshen nasa, kamar yadda ake yi. Duk sanda aka ambace shi a rediyo, mahaifina kan ɗaga hannu a yi shiru har a gama faɗin "Kukar Dela". Shi ne ya samo mana kwalta, kuma awon hanyar ya bi ta kan kukar.

Iya Hansai tana da yanar ido. Ba ta gane fuska, sai inuwar abu mai girma. Tana da gayauna ta kuɓewa da yakuwa a bayan gari, kullum takan je ita kaɗai, ba ta yarda a ja ta. In ta tashi dawowa sai ta ɗaga kai ta nemi duhun kukar, ta nufe shi. Daga gindinta zuwa zaurenmu ƙafarta ta sani.

Da aka ta da katafila, sai ta matsa wajen da take jin muryar mai gari.

"Ranka ya daɗe, in kun ka da ita, da me zan gane gida?"

"Iya, ai ci gaba ne. Ɗanmu ne ya kawo."

"Ni na yanke masa cibi," in ji ta. "Ku ce masa ya kauce da hanyar."

Aka yi dariya kaɗan, ba ta raini ba. Kukar ba ta faɗi ba sai bayan azahar. Jemagu suka watse, aka ce mu tafa, muka tafa.

Washegari Iya ta tafi gayauna. Wajen la'asar wani makiyayi ya kawo ta, ya ce a hanyar wani ƙauye ya same ta, tana ta tafiya. Mahaifina ya ce daga yau ni zan riƙa riƙe mata sanda. Ta ce ita ba akuya ba ce. Ba ta sake ƙetare zaure ba.

Yanzu a unguwar Limawa nake zaune, cikin Dutse, aikina karanta labarai a gidan rediyo. Kwaltar nan ita nake bi in je gida, ita ce kuma ke kai masu naƙuda asibiti, ban taɓa cewa ba ta da amfani ba. Da mutumin da ya samo mana kwaltar ya rasu, ni aka ba sanarwar. Na karanta sunansa duka, muryata ba ta motsa ba, na wuce zuwa farashin hatsi. Wataƙila har ya koma ga Allah ba wanda ya isar masa da saƙon Iya.

Yaran garin sun san sunansa, amma ba su taɓa ganin kukar ba. Iya ta rasu a daminar da ta biyo baya. A wurin da kukar take, yanzu akwai allon ƙarfe ɗauke da sunan garin.