Yaya Saude da Yumɓun Kududdufinmu

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Saude, malamar kimiyyar harhaɗa magunguna, kuma har yau raina bai daina ɓaci ba.

A ƙauyenmu da ke gefen Kunci, mahaifiyarmu Inna na fama da hawan jini. Sau uku a rana aka ce ta sha magani, amma da damina in ta shiga gonar gyaɗa sai yamma. Wannan ne ya sa Yaya ta fara ɗibar yumɓu a kududdufin bayan gidanmu tana kaiwa jami'ar da take koyarwa a Kano. Na tambaye ta dalili, sai ta nuna mini randa.

"Ka ga yadda ruwa ke tsattsafowa a jikinta? Akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In na cusa magani a cikin irinsu, zai riƙa fita a hankali. Ƙwaya ɗaya ta ishi Inna wuni."

Shekara huɗu tana wannan aiki. Na'urar auna ƙofofin ta lalace, ba a gyara ba. Da ta je gaban kwamitin tallafin bincike, wani babba ya yi dariya ya ce, "Malama, ƙasa za ki ɗura wa mutane?" Ta dawo gida ta ɗebi sabon yumɓu. A hanyar komawa Kano motar hayar da ta shiga ta kife bayan Ɗanbatta, ta rasu.

Ko arba'in ba a yi ba aka kwashe ofishinta. Mai shara ce ta faɗa mini cewa a bola aka juye kwalaben gwajinta.

Bara likita ya rubuta wa Inna ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana, 'yar ƙasar waje. Mai kemis yana ta yabon basirar Turawa. Me Yaya za ta ce da ta ji shi? Ina jin ba za ta yi fushi irin nawa ba. Tambayarsa za ta yi da me aka haɗa ta.

Ban sani ba ko aikinta zai yi nasara. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya bari aka gwada.

Littattafan da ta cika da rubutun hannunta suna cikin akwati a ɗakin Inna. Rabin abin da ke ciki ban gane shi ba. Duk ƙarshen damina nakan fito da su in shanya, in kakkaɓe gara, in mayar. Iyakar abin da na iya ke nan. Allah Ya jiƙan ki, Yaya.