Katakon Ɗakin Inna

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da wani abokina mai a-kori-kura. Katako nake nema na rufe ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka, don bara da kwanuka ta riƙa tarar yoyo, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A Kwanar Dangora muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu ya koma kamar ƙwayar magani, amma mai tuyar ta rantse ba ta rage komai ba. Muka wuce Tudun Wada, dab da Falgore muka saki kwalta muka bi hanyar shanu, gargada har ƙosan ya nemi dawowa.

Ƙarar injin yanka ce ta fara yi mana maraba a ƙauyen da aka kwatanta mana. Mai injin dattijo ne mai fara'a. Ya ce kakansa da zarto ya kafa wurin: a haƙa rami, mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa yana shan garin katako a ido. Yanzu ba sa taɓa dajin gwamnati, a gonaki suke sayen bishiya. Bayan masallaci kuwa ga dashen maɗaci nan jere, wasu har sun fi ni tsayi.

Ni da idon ɗan birni sai na zaɓi jajayen katakai masu sheƙi. Dattijon ya damƙi garinsu, ya buɗe hannu, ga shi a dunƙule.

"Ɗana, wannan shekaranjiya yana tsaye a gona. Ka kafa shi yau, kafin kaka ya murɗe ya tuge ƙusa. Ba zan sayar maka ba."

Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ɗakin mahaifiyata ne, ga damina a bakin ƙofa."

Sai ya ja ni wata rumfa. Katakai ne masu toka-toka, marasa kyan gani, an sa sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. Shekara biyu yana busar da su don ɗakin kansa.

"Ɗauki. Ni na iya jiran baɗi."

Kunya ta rufe ni, muka loda su a mota.

Bayan magariba muka iso gida. Na koyi cewa ba kyan fuska ake duba a katako ba, haƙurin da ya sha ake duba. Ranar da aka yi ruwan farko da la'asar, Inna na zaune a ɗakinta mai sabon rufi tana jan carbi, ko ɗigo babu. Ta tambaye ni sunan dattijon don ta sa shi a addu'a, sai na tuna ban ma tambaye shi ba.