Baƙin Allon Eufemia

Eufemia Ccahuana ba ta yafiya sai ta ga jini, duk garin Santo Tomás an san haka. Tun tana shekara sha shida take shiga takanakuy, damben ranar Kirsimeti, inda kowa ke kiran sunan wanda ya ɓata masa rai a shekara, su daku a gaban jama'a, su rungumi juna, magana ta mutu. Ta taɓa karya wa matar kawunta hanci a kan iyakar gona.

Shekara ashirin ta yi tana kiwo a kan tsauni, rana ta cinye mata ido. Da ta samu aikin shigar da sunayen makiyaya a kwamfutar ƙungiyarsu, sai ta tarar farin allon ya fi ranar mugunta. Awa guda, hawaye sun jiƙa mata haɓa. Likita ya ce ko ta mayar da allon baƙi, rubutu fari, ko ta ajiye aikin tun idon na gani. Ta mayar. Ranar ta fara komawa gida babu ciwon kai.

Sai dai kwamfutar ɗaya ce, su biyu ke kanta. Nicasia Layme, da ta girme ta da shekara goma, ita ke zaman safe, kuma kullum sai ta mayar da allon fari fat. Ƙarshe ma ta sa mai gyara ya kulle wurin sauyawar.

Eufemia ta tare ta a ƙofa. "Yaya, idona kike so ya mutu?"

Nicasia ta taɓe baki. "Ofis ne nan, ba gidan makoki ba. In baƙi kike so, je ki zauna a tukunya."

"To, ki tanadi haƙoranki. Kirsimeti na nan tafe."

Wata huɗu ta yi tana aiki da tsumma a jiƙe a gefenta, tana dannawa a ido, zuciyarta na tafasa.

Ranar Kirsimeti, da hantsi, ta naɗe hannuwanta da ƙyalle, ta shiga tsakiyar fage, ta ƙwala kiran sunan Nicasia. Tsohuwar ta fito ba gardama. Ita ta fara kai hannu, ta fasa wa Eufemia leɓe. Eufemia ta tofar da jinin, ta shure ta a ƙauri, ta dunƙule hannu ta zuba mata uku a jere, duk a idon dama. Na ukun har 'yan kallo sun ji ƙararsa. Nicasia ta zube, masu tsaron fage suka shiga tsakani da bulala.

Aka ɗaga ta domin runguma. Idon ya kumbura ya rufe, jini na bin kumatunta. Eufemia ta riƙe ta, ranta fes, har tana shirin cewa ta yafe.

Nicasia ta raɗa mata a kunne. "Farin rubutu a kan baƙi ba na ganinsa, ƙanwata. Ido ɗaya gare ni tun bara. Da shugaban ƙungiya ya sani, da ya sallame ni."

Eufemia ta ce, "Wanne ne mai ganin?"

"Wanda kika rufe."