Jar Motar Kawu a Kan Tudun Hanya

Zan fara da neman uzuri. Shekaru sun ja, ni kuma mutum ne da kan shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi, don haka mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Abin da na tabbata shi ne a Riyad aka yi, lokacin da na gama jami'a ina jiran takarduna, kuma motar ja ce. Ko jan ma, akwai wanda ya ce ruwan goro ne.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya kusa shekara ashirin yana tuƙa iyalin wani Balarabe: yara makaranta, uwargida kasuwa, kullum da gudun da ba zai zubar da shayi ba. Da ya yanke shawarar komawa gida, niyyarsa ya sayi bas ta haya, ita za ta ciyar da shi da iyalinsa har tsufa. Duk mun sa albarka. Sai wata rana kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, ya aike shi gidan hutunsa na bayan gari, Kawu ya ɗaga wani tamfol, ya ga tsohuwar motar tsere ƙirar Italiya, wadda maigidan ya yi tashen samartaka da ita. Kafili ya ce in yana so, zai bar masa a kuɗin bas. Abin da Kawu ya tara kuwa ɗaya kawai zai saya.

Ya kira ni shagon abokinsa, wani Alhaji mai dabino a kasuwar Utaiƙa.

"Shehi, kai ka yi karatu. In saya ko kar in saya?"

"Kawu, fiƙihu na karanta."

"Shekara huɗu, fiƙihun bai ce komai a kan mota ba?"

Alhaji ya tofar da ƙwallon dabino ya ce, "Bar shi. Wannan ko ka tambaye shi sunansa, cewa zai yi malamai sun yi saɓani."

Maganar ta sosa ni, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Na sayi sabon littafin rubutu, na nemi wani makanike Bayamane, na nuna masa hoton motar. Sai da ya gama dariya sannan ya lissafa mini. Tayoyinta ba sa daɗewa. In ƙarfe ɗaya ya karye, sai an yi watanni ana jiransa daga Turai. Ba kowane mai take sha ba. Ba ta da lamba, ba a ba ta izinin hawa titi, sai dai a ɗora ta a bayan wata mota a kai ta filin tsere. Amma fa, in ji shi, duk wanda ya ji kukan injinta sau ɗaya, ba ya sake jin daɗin wata mota. Wannan ma na rubuta, don amana.

Na koma na ce wa Kawu maganar tana da fuska biyu.

"Kayan gyara?" ya ce. "Ba ka san 'yan kayan gyaran Ƙofar Ruwa a Kano ba. In ka kai musu jirgin sama, kafin la'asar sun ƙera masa fiffike."

"Kujerarta ɗaya, Kawu."

"Shekara ashirin ina ɗaukar mutane, ɗan nan. Yanzu kaina nake so in ɗauka."

Na duba littafina, ba amsar wannan a ciki.

Alhaji ne ya kawo mafita. Ya ce a garinsu ba a ƙulla cinikin abin hawa sai an je Juma'a da shi, jama'a sun gani sun sa albarka. Akwai masallaci a ƙarshen layin gidan hutun. Na tuna musu motar ba lamba, kuma iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, ba ta ƙarfe ba ce. Ba wanda ya saurare ni.

Ranar Juma'a da hantsi Kawu ya iso cikin babbar riga mai sitaci da doguwar hula. Sai muka tarar an gitta wa ƙofar motar ƙarafa, ba a shiga sai an cire sitiyari an zura jiki kamar mai shiga rijiya. Babbar riga ta ƙi. Aka cire. 'Yar ciki ta maƙale. Aka cire. Hula ta daki rufi. Kawu ya cire, ya miƙo mini ita. Tun da aka haife ni, ranar na fara ganin sanƙonsa. Maigadin gidan, wani Basudane, ya ɗaure shi da bel har biyar, ya mayar da sitiyari, ya ce, "Yalla."

Injin ya tashi. Gaskiyar Bayamane ce: har cikin haƙorana na ji shi. Kawu ya fita ƙofa yana murmushin da ban san yana da shi ba.

Duk binciken da na yi, na manta abu ɗaya da kowane mazaunin Riyad ya sani: tudun rage gudu, wanda suke kira matabb. Motar kuwa tsakaninta da ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba, ko ƙasa da haka, ban auna ba. Ta hau tudun farko da ƙirji ta zauna. Tayoyin baya suna juyi a iska, ita tana lilo. Ba iyakwandishan, injin na bayan kunnensa, rana ta take. Sitiyarin ya ƙi fita, saboda haka Kawu ma ya ƙi fita. Masu tafiya masallaci suka fara tsayawa. Jama'a dai sun gani, kamar yadda Alhaji ya so. Albarkar ce ban ji an sa ba.

Ni da Alhaji da maigadi da wasu 'yan Pakistan biyu muka kama ɗagawa. Kawu na ciki da singileti, gumi na zuba daga sanƙo, ya leƙo ya daka mini tsawa:

"Shehi! Fatawa!"

Na dube shi, na tuna iyalinsa mutum tara da ke jiran bas a gida.

"Kawu, kar ka saya."

Wannan ce magana ta farko da na taɓa yankewa a rayuwata. Na so in ƙara "a ganina", amma bamba tana hannuna, numfashi bai isa ba.

Bas ya saya. Tana nan tana zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil, yara sun yi karatu da ita. Sai dai na ji labarin yana gaya wa duk fasinjan da ya zauna gaba cewa ya taɓa tsaga Riyad a motar tsere, allurar gudu ta ƙure, wani matsoracin ɗan 'yar'uwarsa ne ya hana shi ita. A iya sanina, tafiyar ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba.

Amma zan iya kuskure. Alhaji ya ce mu shida ne muka ɗaga, ba biyar ba, kuma wai shi ya fara cewa kar a saya. Duk wanda yake wannan layi a ranar, in ya ga inda na rage ko na ƙara, don Allah ya aiko mini in gyara. Kawu kaɗai na cire daga cikin shaidu.